Ra'ayinmu: Inda Saurin Intanet Ke Zubewa Kafin Ya Iso Ɗaki

Akwai wani hali da kusan duk ma'aikacin tarayya da ke zaune a Abuja da kewayenta ya taɓa shiga. An tashi daga ofis, an sha cunkoson hanyar Kubwa ko ta Nyanya, an isa gida bayan isha'i, sai saƙo ya shigo cewa babban sakatare na buƙatar wata takarda kafin gari ya waye, ko kuma an kira taron gaggawa ta bidiyo da ƙarfe tara na dare. Mutum ya buɗe kwamfuta a ɗakinsa, sai ga murya na tsinkewa, hoto ya daskare, takardar da ake son ɗorawa ta maƙale a rabi. A wayarsa kuwa ga shaidar kuɗin da ya biya a farkon wata, ɗauke da alkawarin megabit 50 ko 100 a daƙiƙa. Da safe idan aka zo bin bahasin abin da ya kawo jinkiri, shi za a tsare da tambaya, kamfanin sadarwa kuwa ko sunansa ba za a ambata ba.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a daina ɗaukar wannan matsala a matsayin ƙaramin abin haushi na cikin gida. Tun watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su riƙa aiki daga gida, katangar da ke tsakanin ofis da falo ta fara rushewa. Dama albashi ya daɗe da komawa kan tsarin IPPIS, kuɗin shiga na bi ta asusun bai-ɗaya na TSA, sannan Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack, ya sanya 31 ga Disamba 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su yi ban kwana da fayil na takarda. Fayil ɗin da a da masinja ke ɗauka daga tebur zuwa tebur, yanzu intanet ke ɗaukarsa, kuma sau da yawa na gidan ma'aikaci ne, wanda ya biya daga albashinsa. Duk wanda ya biya kuɗin abu yana da haƙƙin sanin abin da ya saya. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, lambar da ke jikin talla ba ta isowa ɗaki a cike, kuma yawan abin da zai rage a cikinta ya danganta da ko saƙon ya biyo waya ko ya biyo iska.

Zango biyu kafin saƙo ya iso

Bahaushe na kiran na'urar da ke hannunsa waya alhali babu waya a jikinta, domin sunan gado ne tun daga zamanin tangaraho. Irin wannan cakuɗewar ce ke faruwa idan ana zancen intanet na gida, inda mutum zai ce Wi-Fi ɗinsa ba shi da ƙarfi, ba tare da ya bambance abubuwa biyu da ba su da alaƙa ta kusa ba. Saƙo na yin zango biyu a ƙarshen tafiyarsa. Na farko daga kamfani zuwa gida. Na biyu daga na'urar rarrabawa da ke falo, wadda aka fi sani da rauta, zuwa kwamfuta ko wayar hannu. Kowane zango na iya kasancewa ta waya ko ta iska, kuma kowanne da irin asarar da ake yi a cikinsa.

A zangon farko, mafi yawan gidajen Najeriya sun dogara ne da turakun sadarwa na 4G, ko na 5G a inda suka iso. Turke ɗaya na da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wanda ke kewayensa a ciki yake samun rabo. Wanda ya san hanyar Abuja zuwa Keffi ya riga ya fahimci wannan. Da ƙarfe uku na dare mota na barin shataletalen AYA ta isa Mararaba cikin 'yan mintoci, da ƙarfe shida na yamma kuwa tafiyar kan cinye sa'o'i, alhali faɗin titin bai ragu da taku ɗaya ba. Haka rautar da ke amfani da layin waya take. Tana iya gudu da hantsi, lokacin da unguwa ta watse zuwa wuraren aiki, ta koma rarrafe tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare, daidai lokacin da ma'aikaci ya fi buƙatarta.

Fasahar 5G ta faɗaɗa wannan titi ƙwarai. A gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gudanar a watan Disamba na 2021, kamfanonin MTN da Mafab suka sami lasisi a kan dala miliyan 273.6 kowanne, MTN ya fara aiki da ita a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Sai dai zangon gigahaz 3.5 da take amfani da shi ba ya cin dogon nisa, kuma bango na rage masa ƙarfi fiye da yadda yake rage wa ƙananan zanguna. Shi ya sa gidaje biyu a layi ɗaya kan sami sakamako mabambanta, ɗaya tagarsa na kallon turke, ɗaya wani bene ya tare shi. Akwai kuma tauraron ɗan'adam na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Da yake taurarinsa na shawagi ne a nisan kimanin kilomita 550, saƙo ba ya daɗewa a hanya kamar na tsofaffin taurari da ke nisan kusan kilomita 36,000. Amma shi ma rabawa ake yi tsakanin mazauna yanki ɗaya, yana buƙatar sararin sama buɗe, kuma ruwan sama mai ƙarfi na taɓa shi, kamar yadda duk mai kallon talabijin ta faranti ya saba gani da damina.

Wayar fayiba ita ce ɗaya hanyar. Zaren gilashi ne siriri kamar gashi, wanda saƙo ke bi ta cikinsa a matsayin haske. Hadari bai dame ta ba, bangon maƙwabci bai dame ta ba, kuma 'yan kilomitocin da ke tsakanin gida da cibiyar kamfani ba sa rage mata sauri yadda za a lura. Ita ma a mafi yawan unguwanni rabawa ake yi, amma tsakanin gidaje ƙididdigaggu, galibi 32 ko 64 a kan layi guda, saɓanin turke da duk mai wucewa da waya a aljihu ke hawa. Wannan ne ya sa abin da take bayarwa da dare ke kusa da abin da take bayarwa da rana, muddin kamfani bai cika hannu wajen ɗora mata kaya ba.

Abin da ke faruwa a cikin gida

A zango na biyu ne mutane da dama ke tafka asarar da ba su san da ita ba. Mutum na iya jawo fayiba mai kyau har falonsa, sannan ya zubar da rabin saurin tsakanin falo da ɗakin kwana.

Wi-Fi rediyo ne, kuma yana aiki kamar zaman majalisa a zaure, inda mutum ɗaya ke magana a lokaci guda sauran suna jiran ya numfasa. Talabijin mai nuna fim, wayoyin yara, kwamfutar maigida, wayar uwargida, kyamarar bakin ƙofa, duk layi suke bi. Na'urar da ke can ƙuryar gida, ko tsohuwar waya mai jinkirin fahimta, takan daɗe tana riƙe da magana, kowa ya jira ta. Sababbin samfura irin Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019, sun rage wannan jira, amma sai rautar da na'urar duka sun iya shi. Kebul kuwa hanya ce ta mutum shi kaɗai, saƙo na tafiya yana dawowa a lokaci ɗaya ba tare da jiran kowa ba. Kebul na gama-gari mai lakabin Cat5e na ɗaukar megabit 1,000 a daƙiƙa har tsawon mita 100, wanda ya zarce tsawon kusan duk gidan da ma'aikaci zai zauna.

Yawancin rautoci na watsa saƙo a zanguna biyu. Na gigahaz 2.4 ya fi cin nisa da ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai, kuma layuka uku kacal gare shi da ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. A bene mai gidaje goma sha biyu a Wuse ko Gwarinpa, kowane gida da rautarsa, dukkansu a kan waɗannan layuka uku suke kokawa, ga na'urar ɗumama abinci da abin sauraro na Bluetooth da su ma a wannan zangon suke. Na gigahaz 5 ya fi sauri da sarari, amma bango biyu sun isa su karya masa lago.

A nan ne irin gininmu ya shigo. An ƙera yawancin waɗannan na'urori ne da tunanin gidajen da ake raba ɗakunansu da katako da allo mara kauri, irin na Amurka. Mu kuwa bulon siminti muke gini da shi, da dakin mai rodi a ciki, da ƙofofin ƙarfe, da ƙarafan tsaro a kowace taga. Ƙarfe na mayar da saƙon rediyo baya, siminti na shanye shi, ruwa ma haka, har da tankin da ke jingine da bango. Babban madubi na sif na iya zama katanga. Idan aka ƙara da al'adar ɓoye rauta a bayan talabijin ko cikin kabad don kada ta ɓata kwalliyar falo, to an gama da ita tun kafin ta fara aiki.

Lambobin da ke ruɗa mai saye

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Kamfanoni na tallata sauri da megabit, kwamfuta kuwa na auna nauyin fayil da megabait, kuma megabit 8 ne ke yin megabait ɗaya. Wanda ya sayi megabit 100, mafi yawan abin da zai gani yana sauka shi ne megabait 12 da rabi a daƙiƙa. Fayil mai nauyin gigabait ɗaya zai sauka cikin minti ɗaya da daƙiƙa 20 idan saurin ya cika. Idan bango da cunkoso suka mayar da shi megabit 10 a ɗakin kwana, fayil ɗin zai ɗauki fiye da minti 13. Kuɗi ɗaya aka biya a duka biyun.

Sai kuma lambar da ba a cika rubutawa da manyan baƙaƙe ba, wato saurin ɗorawa. Mai kallon fim saukewa yake yi. Ma'aikaci kuwa aikawa yake yi: takardun da aka ɗauki hotonsu, rahoton kwata, hoton fuskarsa da muryarsa a taron bidiyo. A kan turke, saurin ɗorawa yakan gaza na saukewa nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke fara faɗuwa idan aka yi nisa da turken. Tarin takardu mai megabait 300 zai tafi cikin minti ɗaya a kan megabit 40, amma a kan megabit 2 sai ya cinye minti 20, idan ma bai tsinke an sake daga farko ba.

Abu na uku shi ne jinkirin amsa, wato ɗan lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da kuma ko wannan lokaci na tsayawa a wuri ɗaya ko yana hawa yana sauka. Taron bidiyo ba ya cin sauri mai yawa, megabit 4 sun wadatar da hoto mai kyau. Abin da yake buƙata shi ne daidaito. A kan kebul, abin da tazarar kwamfuta da rauta ke ƙarawa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma haka yake kullum. A kan Wi-Fi mai cunkoso jinkirin na tsalle-tsalle, wasu gutsattsarin saƙo na ɓacewa a sake aiko su, a nan ne muryar mai gabatar da jawabi ke komawa kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Megabit 20 masu tsayuwa sun fi megabit 200 masu tangal-tangal amfani ga mai taro.

A auna kafin a ƙara kuɗi

Da yake NCC ta amince a watan Janairu na 2025 da ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, ba ƙaramar ɓarna ba ce mutum ya koma babban tsari mai tsada alhali cutar na cikin gidansa. Gani ya kori ji, kuma gwajin ba shi da wuya. A haɗa kwamfuta da rauta da kebul, a cire sauran na'urori, a auna sauri da ɗaya daga cikin shafukan gwaji na kyauta irin Speedtest, sau ɗaya da safe, sau ɗaya da ƙarfe tara na dare. A cire kebul a sake aunawa ta Wi-Fi a kusa da rautar, sannan a je ɗakin da ake aiki a auna. A rubuta sakamakon na tsawon mako guda.

Idan kebul ya ba da abin da ya yi kusa da alkawari amma ɗaki ya gaza, laifin ba na kamfani ba ne, kuma ƙarin kuɗin wata ba zai gyara komai ba. Maganin shi ne a fito da rauta fili, a ɗaga ta sama a tsakiyar gida, a sa kwamfutar aiki a zangon gigahaz 5 idan tana kusa, ko mafi kyau a ja kebul zuwa teburin aiki da kuma talabijin, a bar iska ga wayoyin hannu. A babban gida, na'ura ta biyu da aka haɗa da ta farko ta kebul ta fi ƙaramar na'urar ƙara zango da ake maƙalawa a soket, domin irin wannan na karɓa tana maimaitawa a layi ɗaya, sai saurin ya kusan rabewa biyu. A kuma duba ramin kebul na rautar da na kwamfutar, domin tsofaffi ba sa wuce megabit 100 komai abin da aka saya.

Idan kuwa kebul ɗin ma ya gaza, musamman da dare, to matsalar daga waje take. A kai ƙorafi ga kamfani da hujjar da aka tara, a karɓi lambar ƙorafi, idan ba a ga gyara ba a kira layin NCC na kyauta, 622. Ƙorafi mai lambobi da ranaku ya fi wuyar share wa fiye da na wanda ya ce kawai sabis babu kyau.

Adalci ga iska

Ba ma cewa a yi watsi da hanyoyin iska. Su ne suka kai intanet hannun miliyoyin 'yan Najeriya a lokacin da layukan NITEL suka mutu. Ga ɗan haya da ke biyan kuɗin shekara, wanda mai gida ba zai bar shi ya huda bango ba, kuma bai san inda zai kwana baɗi ba, rautar da zai naɗe ya sa a jaka ita ce daidai da halinsa. Ga hadimin da ke bin maigidansa daga Abuja zuwa mazaɓa, babu kebul ɗin da zai bi shi. Fayiba kuma na da nata rauni. Katafila ɗaya a wurin aikin titi ta isa ta jefa unguwa guda cikin duhun sadarwa na kwanaki, kuma idan wuta ta ɗauke, akwatin fayiba da rauta na mutuwa tare idan babu ƙaramin batirin ajiya. Ko manyan wayoyin ƙarƙashin teku ba su tsira ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka ɗanɗana kuɗarsu. Mai hikima na riƙe waya a matsayin babbar hanya, iska kuma ta zama ta ko-ta-kwana. Abin da muke ƙi shi ne a sayar wa mutum da ɗaya da sunan ɗayar, ko kuma a hana shi zaɓi tun daga farko.

Inda gwamnati ta shigo

Rashin zaɓin nan shi ne babban abin da ya kamata ya dami masu mulki. Shirin ƙasa na faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar a zamanin minista Isa Ali Pantami, ya yi alkawarin kai kashi 70 cikin 100, da saurin aƙalla megabit 25 a birane da 10 a karkara. Ba a cim ma kashi 70 ɗin ba, kuma mafi yawan abin da ake ƙirgawa layukan wayar hannu ne. Gidajen da fayiba ta shiga 'yan kaɗan ne, kuma sun fi taruwa a inda masu hali suke. A Abuja wannan na nufin Maitama da Asokoro da Wuse da manyan rukunin gidaje. Ma'aikacin mataki na 8 kuwa yana Mararaba ko Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a jihar Neja, ko can cikin Kuje da Bwari. Wanda ya fi kowa daɗewa a hanya shi ne kuma ya fi kowa raunin intanet idan ya isa gida.

Don haka muna kira ga NCC, ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, da ta tilasta gaskiya a talla. Kalmar "har zuwa" da ake liƙawa gaban lamba mafaka ce kawai, domin megabit 3 ma na cikin "har zuwa megabit 100". A Birtaniya, tun 2018, ba a yarda kamfani ya tallata sauri ba sai wanda aƙalla rabin abokan cinikinsa ke samu tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare. Babu abin da ya hana mu yin haka. A wajabta wa kowane kamfani ya bayyana saurin saukewa na dare, da saurin ɗorawa, da adadin datar da idan aka kai za a rage wa mutum gudu a tsarin da ake kira mara iyaka. A kuma bai wa mai saye damar ficewa ba tare da asara ba idan abin da ake ba shi ya daɗe yana ƙasa da abin da aka rubuta.

Muna kira ga Hukumar Babban Birnin Tarayya da ta sanya bututun wayar sadarwa cikin sharuɗɗan amincewa da taswirar duk sabon rukunin gidaje, kamar yadda ake neman magudanar ruwa da hanyar lantarki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bututun roba da aka binne lokacin gini ba ya cin komai idan aka kwatanta da fasa titi da bango bayan an tare. Gidajen da ake ginawa domin ma'aikata a ƙarƙashin shirin FISH na Ofishin Shugabar Ma'aikata su ne suka fi cancanta su zama abin misali, kowane gida da bututunsa daga titi, kowane ɗaki da ramin kebul kusa da soket.

Muna kira ga gwamnonin jihohi da su tsaya kan yarjejeniyar Naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin shimfiɗa waya, wadda aka cim ma tun 2013 aka kuma sabunta a 2020. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a shekarar 2020, kuma sama ba ta faɗo ba. Ƙananan hukumomi da masu karɓar haraji a bakin titi su ma a ja musu kunne, domin abin da jiha ta yafe da dama bai kamata a karɓe shi da hagu ba.

Ga Ma'aikatar Sadarwa ta Dakta Bosun Tijani, shirin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 da Majalisar Zartarwa ta amince da shi a 2024 abin a yaba ne. Amma ma'aunin nasararsa a wurin ma'aikaci shi ne 'yan mitocin ƙarshe, daga babban titi zuwa ƙofar gidansa a Lugbe ko Karu. Haka nan umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, ba zai yi amfani ba sai an ga ɗan kwangilar da ya tsinke waya yana biyan kuɗin gyara daga aljihunsa.

Daga ƙarshe, ga shugabannin ma'aikatu. Gwamnati ta kafa kamfanin Galaxy Backbone tun 2006 domin haɗa ofisoshinta, wato ta amince cewa sadarwar ofis nauyinta ce. Idan yanzu aikin ofis ya bi ma'aikaci gida, wani ɓangare na nauyin ya kamata ya bi shi, ko ta hanyar alawus ɗin data da aka san adadinsa, ko ta hanyar yarjejeniyar rangwame da kamfanoni ga rukunin gidajen ma'aikata. Akwai kuma batun sirri. Hadimin da intanet ɗin gidansa ya gaza yakan ruga zuwa Wi-Fi ɗin otal ko na maƙwabci da takardar da ba ta kamata ta fita ba, a ƙasar da ke da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Arahar da ake ganin an samu ta hanyar barin kowa ya yi ta kansa na iya zama mafi tsadar abin da ma'aikata za ta biya.

Kafin duk waɗannan su tabbata, akwai abin da ke hannun mai karatu tun daga wannan mako. Ya nemi kebul mai tsawon da zai kai teburinsa, ya fito da rauta daga bayan talabijin, ya auna da safe da dare, ya rubuta abin da ya gani. Idan laifin na bango ne, ya gyara gidansa ya adana kuɗinsa. Idan na kamfani ne, ya tunkare shi da lambobi. Idan kuwa na unguwar da aka manta da ita ne, to ya tuna cewa a cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu, kuma ta hannunsu ne batu irin wannan ke shiga jerin abubuwan da za a tattauna a Majalisar Zartarwa.